Abdourahamane da Murhu Mai Ƙofa

Duk wanda ya taɓa cin tsire a Porte de la Chapelle shekarun baya ya san Abdourahamane, dogon nan ɗan Tasawa mai gasa nama a kan rabin duro. Ni maƙwabcinsa ne a lokacin. Da kwali ɗaya a hannu yakan tayar da garwashi ko ana yayyafi. Ya san wuta, kuma ya san ya santa, abin da ya so ya ɓata masa al'amari ke nan.

Da ya samu aiki a wani gidan abinci a Lyon, sai ya kama hayar tsohon gida a gefen Rillieux-la-Pape. Abin ɗumama gidan murhun ƙarfe ne baƙi ƙirin a falo, mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi. Matarsa Rékia kuwa tana La Courneuve, can kusa da inda ya baro, wajen gwaggonta, Hadja Balkisa, inda ta haihu. Tun ranar suna bai sake ɗaukar ɗiyarsa ba. An yi arba'in, sanyi ya shigo, Hadja ta ce ba mai fita da jaririya sai ta je ta ji ɗumin gidan a jikinta.

Abdourahamane ya yi dariya a waya. Shi za a yi wa jarrabawar wuta?

Ya samo itace dogaye, ya hura yadda uwarsa ke yi a Tasawa: a sa kan itacen a wuta, gindin yana waje, yana ci ana izawa. Ƙofar murhun ba ta rufuwa, shi ma bai ga dalilin rufe ta ba. Ya tsuguna da kwalinsa yana fifita. Hayaƙi ya cika falo, ya buɗe tagogi, sanyi ya shigo ya zauna abinsa. Da na kai masa ziyara na tarar da shi gabansa na zufa, bayansa na kyarma. Labule, katifa, har sallayarsa, komai ƙaurin hayaƙi yake.

Maƙwabcinsa, wani tsoho mai suna Guillaume, ya ga hayaƙi na fita ta taga ya zo da zarto. Ya ce a yanka itacen gajeru, a jera manya a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama, a rufe ƙofa. Abdourahamane ya yi masa godiya sosai, ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo ya dube ni ya ce, "Wutar da za a kunna ta kai? Kuma a kulle ta? Tsohon ga kirki gare shi, amma bai san wuta ba."

Na ce ya gwada mana. Ya yi mini wani irin kallo, na bar maganar.

Ranar wata Asabar Hadja ta sauka daga jirgin ƙasa, muka ɗauko ta. Don ya burge ta, mutumin naku ya samo wani gungume da ya kai tsakiyar falo, har sai da ya ɗora gindinsa a kan kujera. Ba a gama gaisuwa ba na'urar gargaɗin hayaƙi ta fara tsala ihu a rufi. Ya hau tebur yana yi mata fifita da kwali, yana amsa wa Hadja cewa lafiya lau, aiki da godiya.

Hadja ba ta cire ko safar hannu ba. Ta yi tari, ta share ido da gefen mayafi, ta jawo jakarta.

"Abdourahamane, jikata mutum ce, ba kifi ba ce da za a yi bandarta. Jirgin la'asar zan bi."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya ajiye kwalin, ya fita da silifa cikin sanyin nan. Ta taga na hango shi a ƙofar Guillaume, ya rusuna kamar mai gaida suruki.

Suka fitar da gungumen waje, suka yanka itace, suka jera. Abdourahamane ya kunna ta sama yana girgiza kai, ya tura ƙofar ta rufu. Tsohon ya nuna masa ɗan ƙarfen da ake ja a ƙasa don iska ta shiga, ya ce masa ba sauran fifita, ya je ya zauna kawai.

Zaman nan ya fi komai yi masa wuya. Wutar ta yi kamar za ta mutu, ya zabura, Guillaume ya riƙe masa riga. Ya sake zabura, Hadja ta ce, "Kai, zauna!" A ƙarshe sai ya zauna a kan hannuwansa. Can sai harshen wuta ya miƙe a bayan gilashi, ƙarfen ya fara ƙas-ƙas, muka rufe tagogi.

Hadja ta cire safar hannu. Jim kaɗan ta cire babbar rigar sanyi. Ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa kafin lokacin jirgi. Ba a jima ba muka ji minshari. Babu wanda ya yi gigin tashin ta, jirgin la'asar ya tafi abinsa.

Da ta farka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gane abin da muka yi. Ta ciro waya ta kira Rékia, ta miƙa wa Abdourahamane. Muna jin kukan jaririyar daga can. Abdourahamane ya shiga gaisuwa: ina gajiya, ina sanyi, yaya mutanen gida, ya koma ya sake ina gajiya.

"To, ka faɗa mata mana," in ji Hadja. "Ko wannan ma sai an kira maka tsohon?"

Ya juya mana baya.

"Rékia, ki ɗauko ta ku zo gida. Akwai ɗumi."