Ranar da Kakata Ta Gyara Mini Ruwan Rijiya

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta abin da kakata ta yi mini a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Aikin kammala karatuna shi ne auna ƙarfen da ke cikin ruwan rijiyoyin yankinmu. Akwai wata na'ura a ɗakin gwaji da ke fesa ruwa cikin harshen wuta ta haska shi. Kowane ƙarfe da irin hasken da yake shanyewa, ta nan ake gane shi, a kuma san yawansa.

Na sha rana a kan babur, daga Ajingi zuwa Gafasa, rijiya-rijiya ina cika gora. Wani ruwan ja, wani kamar kunu. Na biya Kademi da ke ƙasar Gaya, na jera gorunan a ɗakin kakata, na tafi gaishe-gaishe. Da na dawo na tarar ta ɗaure mini su tsaf a buhu, har da ƙuli-ƙuli a sama. Na ce, “Tsohuwa, yau kuma abin arziki?” Ta ce, “Mai gidan, ai fita kunyarka dole ce.” Ni gogan naku ban kawo komai a raina ba, na sungumi buhu sai Kano.

Ranar gwaji malamina na tsaye a kaina. Na kwance buhu, na ga ruwa garau, na ce ƙila kwantawa ya yi. Muka sa na farko, ƙarfe ɗan kaɗan. Na biyu haka, na uku haka, duk bakinsu ɗaya. Da ya sa aka nemi alminiyam kuwa, sai ga shi jingim a kowace gora. Malam ya cire tabarau ya ce, “Kai, ni za ka raina wa hankali? Famfo ɗaya ka tara ka cika su. Maguɗi ne wannan, kuma ka san hukuncinsa kora.”

Na ce wallahi ban yi maguɗi ba. Ina ta rantsuwa, sai ya shinshina gora ɗaya ya ce, “Wannan ƙamshin fa?” Jema! Saiwar nan da kakata ke jefawa a randa. Nan take na kira ta, na buɗe muryar wayar.

“Af, ni ce mana!” in ji ta. “Wannan ƙazamin ruwan za ka kai wa manyan malamai, a ce mutanen Gaya ba su da tsabta? Juye su na yi a randa ɗaya, na sa alif ya kwanta, na tace. Malamin ya sha kuwa?”

Ashe daga alif ɗin nan alminiyam ɗin ya fito. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓi wayar ya ce, “Hajiya, ruwa ya yi daɗi, an gode.” Na tsira daga kora, amma sai da na sake zagaye rijiyoyin nan kaf, abokaina na shagalin gamawa ni ina jan guga.

Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma daga nan na koyi cewa duk aikin da ka shigo da shi gida, ka zaunar da mutanen gidan ka yi musu bayaninsa. In ba haka ba za su taimake ka da zuciya ɗaya, kuma taimakon ne zai kai ka ƙasa.