Kaskon Gwaggo

Yayana bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma sankarar huhu ce ta kama shi. Ni na raka shi asibiti a Damagaram. Dokotoro ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya ce ƙwayoyin ciwon suna da wasu abubuwa kamar kunnuwa, da su suke jin umarnin su yi ta hayayyafa. Ya ce a ƙasashen waje masu bincike na neman rufe bakin ƙwayar gadon da ke ƙera kunnuwan, don ciwon ya kurmance ya daina girma. Na tambayi inda ake samun maganin. Ya ce har yanzu gwaji ake.

"Ki kai shi gida ya samu iska," in ji shi. "Kar hayaƙi ya kusance shi."

Iskar ma sai da ta gagare mu a ƙauyenmu Guci. Ƴan dubiya suka cika ɗakin, kowa da nasa maganin. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo da kasko. Ta zuba garwashi, ta barbaɗa wani gari mai warin ƙonannen gashi, ta lulluɓe Yaya da bargo ya shaƙa. Ina jin tarinsa ƙarƙashin bargon kamar ana yaga tsumma. Da ya tofar da kaki mai jini, matan suka yi ta hamdala, wai ciwon ne ke fita.

Na ce, "Gwaggo, dokotoro fa ya hana."

Ta ce, "Shi da ya hana, mi ya ba ku?"

Yaya kuwa ba ya iya ce mata a'a, ita ta goye shi.

Ranar kasuwa, da ɗakin ya sarara, ya riƙo hannuna. "Fidda abin nan, don Allah." Na kife kaskon a bayan danga, na shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogon yaro. Ranar ya samu barci. Bai kai girbi ba.

A zaman makoki na ji Gwaggo, hannunta cikin ƙwaryar gumba, tana gaya wa mata cewa sauƙi ya fara samuwa, sai aka zubar masa da magani. Ita ba ta dube ni ba. Sauran duka suka juyo.