Ranar da Jif ɗin Baba Ta Tafasa

A daminar shekarar da soja suka koma bariki, lokacin ruwa ya fara saɓule hotunan 'yan takara daga bangayen Gyaɗi-Gyaɗi, wani mutumin garinsu Inna ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ko zama bai yi ba. Ya ce Iya tana kwance, ta daina cin abinci, kuma ba wanda take kira sai Inna. Iya ita ce yayar Inna mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ta, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna ta dube ni ta ce, "Gobe za ka kai ni."

Zuwa garin nan da damina ba wasa ba ne. Kwalta takan ƙare a wata kasuwa, daga nan sai fadama, laka har gwiwa. A kasuwar motocin haya suke sauke mutane, kowa ya naɗe wando ya ƙarasa da ƙafa. Inna kuwa daga ɗaki zuwa madafi ma sai ta dafa bango. Ta taɓa hawa amalanken shanu sau ɗaya, ta dawo ta daɗe tana jinyar ƙugu. Abin da zai kai ta ƙofar gidan yayarta shi ne tsohuwar jif ɗin da Baba ya mutu ya bari.

Motar nan gwanjo Baba ya saye ta tun ina makaranta. Koriya ce da, rana ta cinye launin. Kujerunta kamar bencin masallaci, sitiyarinta sai mai ƙwanji, amma ba ta taɓa jin tsoron laka ba. Tun rasuwarsa ba na hawanta. Ga wahalar mai da muka sha a shekarun nan, ga ta da shan mai ba imani. Babur nake hawa zuwa aiki, ita kuwa tana tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da madafin Inna. Jefi-jefi nakan tashe ta don kada batir ya kwanta, in kashe, in tafi harkata.

Da gari ya waye muka kama hanya. Inna tana gefena da ƙullin kaya a cinya da ɗan kwanon zuma da za ta kai wa Iya. Ko gidajen ƙarshe na gari ba mu wuce ba na ga allurar zafi ta tashi tsaye ta nufi ja. Kafin in sami wurin tsayawa tururi ya turnuƙe gilashi. Na jira ta huce, na zuba ruwa, muka ɗan taɓa, ta sake tafasa. Na daki sitiyari na ce, "Yau kika ga damar yi mini haka?" Inna ta ce, "Ba a zagin abin hawa a kan hanya." Na sa ta a tasi ta koma gida, ni kuma na lallaɓa motar, tafiya kaɗan tsayawa kaɗan, har garejin Oga a Tarauni.

Oga dattijon Bayarabe ne, ya zo Kano tun ba a haife ni ba, kuma Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shi ne makaniken Baba, abokinsa kuma, domin ranar jana'iza yana can gefe a tsaye har aka watse. Na same shi a kan benci, rediyo na ta zancen sabuwar gwamnati, masu jiran gyara suna musu ko farar hula za su kawo mai da ruwan famfo. Ni duk ba wannan ne a gabana ba. Na gaya masa halin da ake ciki.

"Oga, don Allah ka sa hannu. Tsohuwa ce ke jiran ƙanwarta."

"Na ji, ɗana. Amma mota ba ta faɗin inda ke mata ciwo, sai an bi ta gaɓa-gaɓa. Ɗaga bonet."

Ya fara da mai sauƙi. Ya kwance murfin lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya nuna mini robarsa ta mutu, ya sa wani. Ya danna fanbel da babban yatsa, ya ce ya saki, fanka ba ta juyawa yadda ya kamata, ya ɗaure shi. Ya mammatsa tiyon sama da na ƙasa, bai ga tsaga ba. Ya ce in zaga da ita. Na bi ta Daurawa na dawo, zuciyata ta fara sanyi, sai ga allura tana hawa a hankali. Abin haushi da ciwon zafi shi ne, kowane gwaji sai ka zauna ka jira inji ya huce kafin a sake taɓa shi. Ina zaune ina kallon ƙarfe, rana tana tafiya.

Ya kwance inda ɗan ƙarfen nan yake zama, wanda ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, ko ya maƙale ne. Wurin fayau. Ya yi dariya ya ce shi da hannunsa ya cire wa Baba shi da daɗewa, kamar yadda kowa ke yi a Kano, wai kayan ƙasar sanyi ne. Daga nan fuskarsa ta sauya, ya ce bari mu duba babban ciwo, ko gaskit, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji mai hana ruwa haɗuwa da mai, ne ya ƙone. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba ko ya koma fari kamar an zuba madara. Baƙi ne wuluk. Ya tashi motar, ya leƙa bakin lagireto ko ruwa na kumfa, ya zaga baya ya tara hannu a salansa ko akwai farin hayaƙi. Babu ko ɗaya. Ya ce in gode wa Allah, da shi ne da sai an sauke kan inji. Na gode, amma ciki-ciki.

Saura famfon da ke zaga ruwa a cikin inji. Kwance shi ya ci mana yammacin nan kaf, domin wani noti ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Da ya fito, lafiyarsa ƙalau. Aka kira magariba. Ni kuwa na cika fam.

"Haba Oga! Yini guda kana kwancewa kana mayarwa. In ba ka gane ba ka faɗa mini in kai wani wuri."

Bai ko ɗago ba. Yana goge hannu ya ce, "Babanka ma haka yake da baki, ga shi bai taɓa kai ta wani gareji ba. Je ka yi salla, ka dawo da sassafe."

A gida Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ƙullin kayanta yana bakin ƙofa yadda ta ajiye shi, ba ta kwance ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan ta yi faɗa.

Da safe na tarar Oga ya riga ya mayar da komai. Ya tashi motar ta ɗumama, ya kashe, sannan ya zura hannu yana shafa fuskar lagireto da tafinsa, daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Ya kamo hannuna ya ɗora. Can sama zafi ba ya taɓuwa, tsakiya kuwa sanyi kamar gindin randa.

"Ruwa ba ya wucewa," in ji shi. "A toshe take. Nan ya kamata in fara tun jiya, amma ni na wanke ta ba da jimawa ba kafin babanka ya kwanta, kuma tun daga nan motar ba ta je ko'ina ba. Me zai toshe motar da ke zaune?"

Muka cire ta muka kai wa mai gyaran lagireto a rumfar da ke gefe. Ya kunna wuta ya narkar da dalma, ya ɗaga kan. Abin da muka gani ba tsatsa ba ne. Wani abu ne kore-shar da ya yi duhu, mai yauƙi a sama, ƙasa kuma ya daskare a bakin kowane bututu. Mutumin ya lakato da yatsa, ya ja, abin ya biyo shi. Ya sansana, ya fashe da dariya.

"Wallahi kuka ce! Miya ta haɗu, Alhaji, saura tuwo."

Duk gareji aka taru ana dariya, ban da ni da Oga. Oga ya ce dabarar tsofaffin direbobin daji ce. In lagireto ta fara yoyo a inda ba gari, sai a barbaɗa ɗan garin kuka, ya bi ruwa ya toshe hujin har a iso gida, sannan a wanke a liƙe. "Amma ɗan kaɗan ne, sau ɗaya. Wannan kuwa wani ya daɗe yana ciyar da ita." Mai gyaran lagireto ya ce sai an bi bututun ɗaya-ɗaya da siririn ƙarfe, a wanke cikin inji ma, a liƙe ɗan hujin da ya gano a ƙasa, a mayar da kan da dalma. Kafin la'asar dai ba zancen tafiya.

Na hau acaɓa na nufi gida raina a ɓace, na tabbata ɓarnar 'ya'yan maƙwabta ce masu shigo mana wasa. Tun daga zaure nake ɗaga murya.

"Wane mara aikin yi ne yake zuba wa motar nan kuka? Yau sai na san shi!"

Inna tana zaune a kan tabarma da mayafinta a kafaɗa, a shirye. Ta ce, "Rage murya. Ni ce."

Na tsaya.

"In na zo shara da safe nakan ga ɗigon ruwa a ƙarƙashinta. Babanka in ya ga haka, cewa yake in zubo masa kuka a tafin hannu, ni nake riƙe masa buta. Kai ba ka da lokacinta. Zan zuba ido motarsa ta bushe ina gani? Sai in ɗaga marfin in ba ta ruwa, in sa mata 'yar kuka." Da alfahari ta faɗa, irin na wadda ta riƙe amana. Ni ban taɓa sanin tana iya ɗaga bonet ɗin nan ba, da gwiwoyin nan nata. Sai ta kalli fuskata, ta kalli hannun rigata inda abin ya shafa ya bushe. Ta ce, "Ita ce ta hana mu tafiya?"

Duk masifar da na kwaso ta bi iska. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "A'a Inna, tsatsa ce ta yi yawa. Tsohuwar mota ce." Ta gyara zaman kwanon zuman a kan ƙullin kaya.

Aikin bai ƙare ba sai gab da magariba, kuma ba mai hankalin da zai shiga fadama da duhu. Oga ya zaga da ita da kansa har Babban Giji ya dawo, allura tana tsakiya ba ta motsa ba. Ya miƙo mini makulli ya ce in gaida Iya, in ce mata mai gyaran motar mijin ƙanwarta yana mata sannu.

Washegari motar ta yi tafiyar da ban taɓa ganin ta yi ba. Muka bar kwalta, na sa mata giyar laka, ta shiga fadama tana gurnani, ruwa na fallatsa har gilashi. Muka wuce mutane da kekunansu a kafaɗa. Ina tuƙi ina satar kallon allura, tana nan inda take. Gero ya yi kore ko'ina. Inna ta fara nuna mini wurare, ga tsamiyar da suke hutawa in sun ɗebo ruwa, ga gonar kakana. Muryarta har ta ɗan washe.

Da muka karya kwanar da ke shiga unguwarsu, na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, maza zaune jere da bango, takalma a gefe. Ita ma ta gani. Ta ce, "Tsaya nan." Na tsaya nesa kaɗan na kashe mota. Wani dattijo ya taso ya zo ta wajen tagata, ya yi mana ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce jiya bayan azahar Allah ya karɓi abarsa, kafin magariba aka kai ta. Ya koma wurin zamansa.

Inna ta yi salati. Ta daɗe tana kallon ƙofar gidan, hannunta a kan kwanon zuma. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ban zuba ba, da mun same ta?"

Na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare. Ba mai ƙara wa wani ko numfashi ɗaya."

"Na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Na rasa ƙaryar da zan sake yi mata. Na ce, "Da mun same ta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ja mayafinta ta rufe kanta, ta ce in zagayo in kama ta, matakin motar ya yi mata tsawo.