Dokata Ta Kama Ni

'Yan'uwa tsofaffin malamai, yau na ɗanɗana hukuncina.

Ni ke kula da shafin intanet na makarantar ikilisiyarmu. A wurin sarrafa shafin, ana yafe kuskuren kalmar sirri har sau biyar. Na ga sakaci ne, na mayar da shi sau ɗaya.

Da safe iyaye har daga Iware suna jiran in ɗora sakamakon jarrabawa. Yatsana ya zame. Aka rufe ni waje!

Na kira Rifkatu, tsohuwar ɗalibata, ma'aikaciyar kamfanin da ke ajiye mana shafin.

Ta ce, "Baba Hedimasta, wa ya kafa wannan muguwar doka?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "Zan buɗe. Amma gobe ka zo da iyayenka."

Shekaruna saba'in da takwas.