Hayaƙin Mahauta a Rigar Kakana

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na buɗe adakar da na gada, na ciro babbar rigar kakana. Asu ya ɗan taɓa ta a bakin aljihu, zaren adon askar da ke gabanta ya koɗe, amma da na kai ta hanci sai na ji abin yana nan: hayaƙin itace, da kitsen da ya ɗiga a garwashi, da ƙuli. Uwar 'ya'yana ta ce hancina ƙarya yake yi, warin adaka ne kawai da tsufa. Ban yi musu da ita ba. Sai dai ka sani, kai mai karatu, a duk jikina hanci ne kaɗai bai taɓa ba ni kunya ba. Makarantar boko ta gan ni, na gan ta, muka rabu ba faɗa. Ta allo kuwa, malaminmu na Limancin Kona cewa yake kaina kwando ne, ana zubawa ta sama yana tsiyayewa ta ƙasa. Amma a ɗaure min ido a sake ni cikin birnin nan, zan gaya maka gidan da aka ɗora miyar kuka da wanda aka ɗora ta taushe.

Kakana dillalin riguna ne. Masu ɗinkin hannu su kan share watanni a zaurukansu suna duƙe a kan riga guda, in sun gama sai su kawo masa, shi ya san bakin da zai yi wa mai saye. Kasuwarmu a tsakiyar birni take, rumfunan zana ne da kara, kowace sana'a da layinta: dukawa nan, 'yan koli can, masu riguna a inda ƙura ba ta kai ba. Lokacin da na yi wayo kasuwar ta fara ramewa. Tasha tana Sabon Gari, motoci a can suke sauke mutane, kantuna masu rufin kwano a can suke. Mu kuwa da damina, hadari na haɗowa daga gabas sai kowa ya naɗe kayansa ya ruga, kasuwa ta tashi tun kafin la'asar. Samari suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Rumfar da mai ita ya bari, awaki ne ke gadonta.

Wata rana kakana ya raka baƙo tashar jirgin ƙasa, ya ga wani dogon shago da ake ajiye kaya, ruwa na zuba a waje, buhuna a bushe a ciki. Ya dawo gida da wannan shago a cikin kansa. Ya tara dattawan kasuwa ya ce a yi rufi guda babba, kowa ya shigo ƙarƙashinsa, ruwa ya yi ta zuba, ciniki na tafiya. Da suka fara jan ƙafa, sai ya ba da kangon da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ke jingine da kasuwar. Wannan ya kashe bakin kowa. Da rani aka ta da bangon jar ƙasa, aka jera azara, wani kafinta daga Wusasa ya zo ya buga kwano. Dattawa suka ce sun ba kakana damina guda. In rumfar ta kawo mutane, sun zauna. In ba ta kawo ba, za su bi 'ya'yansu Sabon Gari, shi kuma ya zauna da kwanonsa, ba kango ba kasuwa.

Ranar rabon wuri sai ga Sarkin Pawa, shugaban mahautan kasuwar, wani ƙaton mutum mai sanyin murya. Ya cire takalmi ya gaishe da kakana.

"Malam, mu a ina za mu kafa tukuba?"

"Ba wuta a nan, Sarkin Pawa. Rigar da mutum ya ƙare idonsa a kanta, hayaƙinku zai ɓata ta a yini guda. Ga ƙuda, ga ungulu."

"To, Malam. Allah ya ba da kasuwa."

Ya sa takalminsa ya tafi. Bari in gaya maka abin da ba a faɗa ba a wurin. Hayaƙin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Mu mutanen cikin birni, jikokin malamai, muna son nama ƙwarai, sai dai a wancan zamani dattijo mai rawani ba ya son a gan shi tabarma ɗaya da wanda ya yanka naman. Duk dattawan suka goyi bayan kakana, limamin unguwarmu ma, amininsa, ya fi kowa gyaɗa kai. Mahauta suka koma gindin wani rimi a kan hanyar Ƙofar Kuyambana. Masu waina da masu ƙosai, da yake su ma wuta ce sana'arsu, suka bi su. Mai fura ta ga ba wanda zai ji ƙishi a rumfa, ita ma ta ɗauki ƙwaryarta.

Damina ta sauka. Wallahi rumfar ta yi abin da aka gina ta dominsa, ko ɗigo ba ya shiga. Ciki fes, ba toka, ba ƙuda, riguna a jere kamar za a ɗaura musu aure. Abu ɗaya ne babu, mai saye. Ruwa ya yi ta kiɗa a kan kwano, dattawa na jan carbi har carbin ya suɓuce barci ya ɗauke su. In mutum ya leƙo, shirun wurin ne ke sa ya yi sallama a hankali ya juya. Kakata, wadda ba ta taɓa taka wurin ba amma ba abin da ke wuce ta, ta tambayi kakana tana miƙa masa ruwan alwala: "Malam, wai kasuwa ka gina mana ko masallaci? In masallaci ne a sa ladan." Ya karɓi ruwan ya yi alwalarsa. Amma na ga cin tuwonsa ya ragu, kuma wani tsohon baduku ya riga ya fara ɗaure fatunsa.

Aikina a rumfar shi ne in zauna kusa da kakana in riƙa ninke rigar da aka buɗe. To ba a buɗewa, me zan ninke? Kuma akwai kalangu. A wancan zamani in mahauta sun yi yanka, makaɗinsu ya kan saki kalangu don gari ya san nama ya samu. Mutumin ƙauye da ya shigo ta ƙofa da kajinsa ko dawarsa, kunnensa ne ke ja masa gora. Ni ma haka. Da na ji sautin nan sai cikina ya amsa tun kafin ƙafata ta nemi izini. In ce zan zagaya bayan gida, sai gindin rimi. Ina hura musu wuta, ina korar ungulu, suna biyana da guntun kitse da tsinken da ya ƙone.

Wata rana bayan azahar haƙurin kakana ya ƙare. Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ban ankara ba sai na ji an kama kunnena ta baya, maiƙo har gwiwar hannuna.

"Ɗan banza, mai ƙwace min mata, nan ne bayan gidan?"

Haka yake ce min, don kakata angonta take kirana. Na rufe ido ina jiran sanda. Sanda ba ta sauka ba. Da na buɗe ido sai na ga ba ni yake kallo ba. Gindin rimin nan cike yake, cikin taɓo, cikin yayyafi. Manoma, fatake, 'yan mata masu talla, duk fuskokin da ya yi ta jira a rumfa. Wani saurayi ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar hayaƙin, ya baza rigunan ɗinkin keke, kuma ana saye. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya goge baki, sai idonsa ya faɗa kan hula, daga hula sai riga. Can gefe kuma, a bayan wani jaki, ga liman tsugune da tsinke a hannu.

"Allah gafarta Malam, ashe nan aka mayar da sahu?" in ji kakana.

Liman ya haɗiye da ƙyar. "Na zo duba yankan ne, ko ya dace da shari'a."

"Kullum?"

"To, ai kullum suke yankawa."

Kakana bai yi dariya ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo, ya manta kunnena yana hannunsa. Har yau in na sa hula, ta wannan gefen take karkacewa.

Washegari da hantsi ya sa aka ciro masa wannan riga, fara ce ƙal a lokacin, mai aska takwas, wadda ba ya sawa sai sallah. Kakata ta ce, "Ina kuma za ka da ita, ko amarya aka yi maka?" Ya ce biko zai tafi. Ya fita, ni a bayansa, ba wanda ya gayyace ni. Ya bi ta tsakiyar unguwa, ya isa gindin rimi, ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarmar Sarkin Pawa, dab da tukuba, ta gefen da iska ke kora hayaƙi. Mai kalangu ya tsaya da kiɗa. Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Sarkin Pawa, biko na zo."

"Malam, ai ba tafiya muka yi ba, korar mu aka yi. Matsa nan, rigarka za ta sha hayaƙi."

"Bar ta ta sha. Don haka na sa ta."

Sarkin Pawa ya juya tsire, ya barbaɗa ƙuli, bai yi sauri ba. Sannan ya ce in za su koma, ba bayan rumfa za a kai su ba, a bakin babbar ƙofa za su zauna, inda kowa zai gan su. Kakana ya ce ya yarda. Sarkin Pawa ya ce da mai kalangu za su zo, da masu waina. Kakana ya ce nan ma ya yarda. "Ungulu fa?" in ji kakana. Sarkin Pawa ya ce, "Su ba ni nake gayyatar su ba, Malam, ka yi magana da su da kanka." Sai ya zaro tsinke mai zafi ya miƙa masa da hannunsa. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Kakana ya karɓa, ya yi bisimilla, ya ci a gaban jama'a, kitse ya ɗiga a kan askar rigar. Ga tabon nan har yanzu, ina taɓa shi da yatsa ina wannan rubutu.

Kafintan Wusasa ya dawo ya ƙara baranda a bakin ƙofa, ya huda tagogi a saman bango. Aka mayar da riguna can ƙurya. Kafin a yanke gero, sai ka yi da kafaɗa kake wucewa a cikin rumfar. Tsohon badukun nan ya kwance fatunsa ya sake baza su. Hayaƙi kuwa ya shiga rigunan, ba yadda aka iya. Wani falke da ke kai su arewa ya ce a can in an sunsuna riga aka ji ƙamshin nan, ba a tambayar daga ina take.

Ba zan yi maka ƙarya in ce rumfar ta dawwama ba. Ta ciyar da mu, ta aurar da mu, sannan kakana ya rasu, Sarkin Pawa ya bi shi, kwano ya yi tsatsa, azara ta karye, ba wanda ya tsaya mata. Yau tsakiyar birnin nan hanya ce kawai, 'yan acaɓa da masu keke su wuce da mutane zuwa manyan shagunan waje. Shi ya sa da na ji 'yan unguwa sun haɗa kai da hukuma za a gina rufaffiyar kasuwa ta siminti a daidai wurin, don a dawo wa birni da ransa, na ce to, ranar da aka haife ni dominta ta zo. Na ciro rigar, na tsara jawabi a kaina, na tafi taron zauren mai unguwa in hana yaran zamani maimaita kuskuren kakana.

Cikin masu zanen ginin akwai jikata, wadda ta karanta aikin a jami'a. Na miƙe, na gyara riga, na yi gyaran murya. Ko "a zamanin kakana" ban ƙarasa ba ta ɗora yatsa a kan zanen.

"Maigida, duba nan. Bakin babbar ƙofa, mahauta. Kusa da su masu waina. Ga bututun da zai fitar da hayaƙi. Labarin nan tun ina goye kake ba ni shi."

Zaure ya fashe da dariya. Na koma na zauna da jawabina a ciki, bai fito ba har yau, shi ne ma nake sauke maka. Amma kafin a tashi na ja mayafinta na ce, "Amarya, bututun nan naki kada ya kwashe duka. Ki bar wa ƙofa rabonta, mai wucewa da hanci yake shigowa." Ta ce za ta rage masa tsawo saboda ni. Na ce mai kalangu fa? Ta ce wannan ba ya shiga zane, ni zan nemo shi. Na kuwa san inda jikan wancan makaɗi yake, facin taya yake yi a bakin ganuwa, kuma kalangun kakansa na rataye a ɗakinsa.

Kasuwar nan za ta ci, ba na shakka ko kaɗan. An fara haƙa harsashi, ni kuma na riga na zaɓi wurin zamana, dab da tukuba, ta gefen da iska ke kora hayaƙi. In an buɗe ka zo, ba sai ka tambayi hanya ba. Tsohon da za ka gani da koɗaɗɗiyar riga da karkatacciyar hula, maiƙo har gwiwar hannu, ni ne. Zan ci tsire son raina, sai dai na san zan riƙa waiwaye, ko wani zai kama kunnena ta baya.