Gwaggo, Wadda Ta Fara Yarda Da Mu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, ina ɗakin gwaje-gwaje ina duba wa ɗalibai haɗin wayoyi, ƙanwarki ta kira ni ta ce kin cika a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya. Gwaggo, haka duk kwalejin ke kiranki, har shugaban makaranta, alhali ba ki haɗa jini da kowa a cikinmu ba.

Ina aji biyu a sashen lantarki na fara shiga ofishinki, ɗan ɗakin nan na bayan laburare mai fanka mai ƙara da kujerun roba biyu. Ke aka damƙa wa sauraron koken ɗalibai, aikin da kowa ya guje wa. Shugaban sashenmu ne ya sa ni gaba. Yakan tsare ni bayan darasi, ya tura ƙofa, ya kai hannu inda bai dace ba, ya kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa sakamakona na hannunsa. Na taɓa gaya wa wani malami, ya ce in rufa wa kaina asiri, ba a ja da babba.

Ke kuwa ba ki tambaye ni irin kayan da na sa ba, ba ki ce me ya kai ni ofishinsa ba. Kin zuba mini ruwa, kin bari na gama kuka, sannan kika ce, "'Yata, na ji, kuma ba laifinki ba ne. Faɗa mini abin da kike so a yi. Ba inda zan kai maganar nan sai da saninki."

Nan da nan kika sa aka karɓe takardun jarrabawata daga hannunsa, aka ba wani malami daga waje ya duba. Kin hana a zaunar da ni ɗaki ɗaya da shi. Kin kafe sai an sa mata a kwamitin bincike, har da wakiliyar ɗalibai. Shi ma kin tsaya an ba shi dama ya kare kansa, domin a cewarki ba a wanke zalunci da zalunci.

Ba ki sha da daɗi ba. An danne miki ƙarin girma, wasu abokan aiki suka daina amsa gaisuwarki. Da shugaban makaranta ya ce maganar za ta ɓata sunan kwaleji, a gaban kowa kika amsa masa, "Ranka ya daɗe, in rufi na yoyo ba ɓoye bokiti ake yi ba, hawa ake a gyara." Da tsegumi ya yi yawa Baba ya ce in bar karatun, ƙafa da ƙafa kika zo gidanmu, kika zauna da shi a falo har ya sauko. Washegari shi da kansa ya kai ni makaranta.

Da aka ji cewa akwai mai saurare, sai ga 'yan mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da wata da ta bar karatu saboda shugaban sashen namu tun kafin in shigo, ta zo da goyonta ta ba da shaida. Kwamiti ya tabbatar da laifi, aka kore shi. Ranar muka cika ofishinki muna rungume juna. Kika leƙo mu ta saman tabarau kika ce, "To, a tashi a tafi aji. Ban sha wannan wuya don ku faɗi jarrabawa ba."

Ba a nan kika tsaya ba. A da mu mata riƙe biro ne namu a ɗakin gwaje-gwaje, maza ke taɓa kayan aiki, wai tausaya mana ake yi. Kika bi maganar har aka soke tsarin. Mai goyon nan ma kika dawo da ita ta kammala. Yau duk ɗalibin da ya shigo, mace ko namiji, a makon farko ake nuna masa inda zai kai ƙara, kuma dokar makaranta ta hana a takura wa wanda ya kai. Ni da aka ce in yi shiru, ni ce shugabar sashen yanzu. A wajen gaisuwa na ga likitoci da injiniyoyi da malamai, kowacce na cewa Gwaggonta ce ta rasu.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Yadda kika saurari masu rauni, Allah Ya karɓi aikinki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, da jikokinki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Amin.