Bindigar Kakan Alhaji Bala

Jama'a, yau asirin maigidan hayarmu ya tonu a Agege!

Kun san Alhaji Bala, mai yi mana gori kullum wai kakansa sojan Turawa ne, mu kuwa buhun albasa ne ya kawo mu Legas. To yau ya gayyato wani oga mai tara tsofaffin makamai ya duba bindigar kakan nasa. Har tara mu ya yi a tsakar gida, wai mu ga tarihi!

Aka warware ta daga farin ƙyalle. Oga ya sa tabarau, ya jujjuya ta, ya leƙa bakinta. Sai ya ce, "Alhaji, zamanin kakanka akwai motar danfo?"

Alhaji ya ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Wannan bututun, ƙarfen sitiyarin mota ne. Maƙerin ƙauye ya ƙera ta don harbin gafiya."

Alhaji sai gumi, ya rasa ta inda zai naɗe ƙyallen.

Ni da baki ba linzami na ce, "Alhaji, ko in kawo buhun albasa a saka ta?"

Yanzu dai wa ya san inda ake ba da hayar ɗaki? Zuwa Juma'a Alhaji ya ba ni in kwashe kayana!